Dodon Rijiya da 'Yarsa

Matata ta rasu a Gwarzo ta bar mini yarinya 'yar wata bakwai. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ba ni da uwa a ƙasar nan, ba ni da ƙanwa, ita ma ba ta da kowa. Mu biyun mutanen Adar ne, can cikin Nijar. Aka binne ta a maƙabartar da babu kabarin danginta ko ɗaya. Na dawo gida na tarar da yarinyar a hannun matar maƙwabci tana tsotsar gefen mayafi.

Haƙar rijiya ce sana'ata. Fari ne ya koro ni, wanda ya cinye mana dabbobi ya bar mu da igiyoyinsu. Na iso na tarar nan ma kuka ake yi. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sabulu da madarar gwangwani sai an bi layi. Ban daɗe ba aka ce baƙi su tattara su koma ƙasarsu. Wani manomi a Getso ya ce da masu tambaya ni ɗan ƙanin babansa ne. Na haƙa masa rijiya a bayan gida, muka rabu lafiya. Daga nan na gane muddin ana shan ruwa akwai wurin zamana. Na zauna a Gwarzo. Tsofaffin garin "ɗan Faransa" suke ce mini, ni da sau ɗaya na taɓa ganin Bafaranshe, shi ma daga nesa.

Na daɗe ban yi aure ba. Sai da furfura ta fara fito mini na je gida na auro ta. Shekara biyu muka yi tare.

Matan unguwa sun yi ƙoƙari. Kwana arba'in yarinyar tana yawo hannu-hannu, wannan ta ba ta nono da safe, waccan da yamma. Amma kowacce tana da nata. Ranar sadakar arba'in matar mai unguwa ta aiko a kira ni. Na tsaya a zaure, ta yi magana daga ciki. Ta ce akwai wata mata a Durun, ta ƙasar Kabo, mijinta na biyu ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure, tana zaune a gidan ƙaninta kuma zaman ya ishe ta. Za ta yi raino in na yarda. Na ce na yarda.

Bayan kwana uku ta sauka daga motar kasuwa, da ƙullin kaya a kai da akuya mai shayarwa a igiya. Doguwa ce siririya, ta girme ni da kaɗan. Iyayenta masu shanu ne a da, shanun suka ƙare suka kama fartanya. Kowa Goggo yake ce mata, ni ma na bi.

Ta zagaya gidan. Ɗaki biyu ne da zaure da ɗan tsakar gida. Ta buɗe randa ta leƙa.

Ta ce, "Mai rijiya, randarka ba ruwa."

Na ce, "Za a ɗebo."

"Ina uwar ɗakin tawa?"

Aka kawo yarinyar. Ta juya ta, ta duba harshe, ta taɓa maɗiga, ta ja ƙafafu. Sannan ta ce, "Wannan za ta rayu in Allah ya so. Kai ne ban sani ba."

Muka daidaita a kan abin da zan riƙa ba ta. Ta shiga ɗakin marigayiya, ni kuma na kwashe dagi da igiyoyina na koma ɗakin da ke jikin zaure.

Madarar gwangwani ta fi ƙarfina. Nonon akuyar nan da kunun gero da ake tacewa a farin ƙyalle, su suka rayar da 'yata. Goggo tana daka da ita a baya, tana tatsa da ita a baya, in za ta yi salla ta kwantar da ita a gefen tabarma. Lokacin haƙora yarinyar ta yi zawo har idonta ya faɗa. Goggo ta goya ta da ƙafa zuwa asibiti, ta dawo, ta zauna tana ɗura mata ruwan gishiri da sukari da ƙaramin cokali, cokali ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu. Ni ina wani ƙauye a cikin rami. Sai da na dawo na ji. Da yarinyar ta fara magana, Inna ta ce mata. Ba wanda ya gyara.

Ni kuwa ban taɓa ɗaukar ta ba.

'Yar fari ce. A wajenmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa wasa. Ni ma ɗan fari ne, kuma har ubana ya mutu "kai" yake ce mini, in ba na nan ya ce "wancan." Ban taɓa jin ciwon haka ba, domin akwai kaka, akwai baffanni, gida cike yake da hannuwa. Irin wannan kunya a cikin taro ake yin ta. Ni na ɗauko ta na kawo gidan da mu uku ne kawai a ciki, ban lura ba. In na sayo ƙosai ko 'yar riga, sai in ajiye a kan turmi in wuce. Goggo ta ɗauka ta ba ta. Ga shi aikina na ƙauyuka ne, sai in yi mako biyu ban taka gida ba. In ina gari kuma, daga sallar asuba na fita.

Akwai abu na biyu, shi na sana'a ne. Rijiyar da ake haƙa a buɗe take kwana da kwanaki, ba murfi ba katanga. Yara kuwa ba abin da suke so kamar leƙa rami. Tun ina sabon zuwa aka taɓa kira na in ciro wani yaro daga rijiyar da ba ni na haƙa ba. Ba zan faɗi yadda na same shi ba. Daga ranar na ɗaure fuska. In yara suka matso inda nake aiki, sai in fito da laka har gira, in zare ido, in buga dagi a ƙasa. Su watse. Iyaye mata suka ga abin yana ci, suka karɓe shi. A unguwarmu in yaro ya ƙi wanka, "ga mai rijiya nan." In ya je bakin rijiya, "mai rijiya zai jawo ka ciki." Har aka ce ina ajiye yara a ƙarƙashin ruwa ina ba su laka suna ci. Ban ƙaryata ba. Duk rijiyar da na haƙa ba yaron da ya taɓa faɗawa, wannan ya ishe ni.

Na manta 'yata ma yarinyar unguwa ce.

Tana shekara uku ta fara fita ƙofar gida wasa. Wata rana na dawo da la'asar ban wanke jiki ba. Tana tsakar gida da 'yar tsanarta ta kara. Ta ɗaga kai ta gan ni. Ta ƙwalla ƙara, ta yar da 'yar tsanar, ta ruga ta shige cikin zanen Goggo.

"Inna, ga shi nan! Ya shigo gidanmu!"

Goggo ta ce, "Ke, babanki ne."

"A'a, mai rijiya ne!"

Na ga fitsari yana bin ƙafarta. Na juya na koma zaure. Da ta yi shiru Goggo ta same ni.

Ta ce, "Ka ji da kunnenka."

Na ce, "Ƙyale ta. Ba za ta je bakin rijiya ba."

"Ba za ta je wajen ubanta ba dai. Mu da muka sha kunya a nono, ban taɓa ganin irin taka ba. Ai yaro mai uwa ake yi wa kunya, mai rijiya. Wannan wa gare ta?"

Na ce, "Ke."

Ta ce, "Ni 'yar aiki ce."

Abin da na yi kawai, na fara wanka a wajen aiki kafin in dawo, in na iso zaure kuma sai in yi gyaran murya. Goggo ta shigar da ita ɗaki, in wuce nawa. Shekara guda muka yi a haka. Na ɗauka in ta yi wayo abin zai wuce da kansa, kuma na ɗauka akwai lokaci.

Sai aka kawo Shari'a. Ni ma na yi murna, har na bi ayarin da ya tafi Kano a bayan babbar mota. Aka rufe wuraren da ya kamata a rufe, masu awo suka gyara mudu na ɗan lokaci. Ban zaci abin zai shigo zaurena ba.

Wata Juma'a bayan la'asar liman da mai unguwa suka yi sallama. Na shimfiɗa musu tabarma. Suka gaishe ni, suka tambayi aiki da gajiya da yarinya da mutanen Adar da damina, har akuya sai da aka tambaya. Sannan liman ya gyara zama.

Ya ce, "Malam, ba wanda ya zarge ka. Duk shekarun nan ba mu ji komai ba sai alheri. Amma gida ɗaya ne, ƙofa ɗaya, ba aure ba dangantaka. Samari sun fara magana, mu kuma ba mu da amsar da za mu ba su."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yarinyar fa?"

"Shi ya sa muka zo da kanmu. Hanya mai sauƙi, a ɗaura aure. Goro kaɗan, shaidu ga su. Kowa ya zauna inda yake zaune."

Sai murya ta fito daga bayan ƙyaure. "Allah ya gafarta Malam, a yi mini afuwa, ina ji."

Liman ya ce, "Faɗi, Goggo."

"Maza biyu na binne. Na ukun kuma a ba ni wanda kullum yana cikin rami tun da ransa?"

Mai unguwa ya yi dariya har ya sarƙe. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana motsi.

Ta ce, "Raino na zo, ba aure ba. Wannan na gama shi."

Ban ji haushi ba. Ni ma ban nema ba. Kuma ban ga laifin liman ba, abin da ya faɗa haka yake.

Mako bai cika ba ƙanin Goggo ya zo daga Durun a kan keke. Maganar ta kai can. Ya ce ta haɗa kaya. Mai unguwa ya roƙe shi, ya yarda a bari sai an yanke dawa. Kafin nan ni in bar gidan. Na ɗauki tabarmata na koma zauren abokin aikina, wani dattijo mutumin Getso da ke ja mini ƙasa da guga. Wata biyu ke nan a hannunmu.

A cikin kwanakin nan wani direba ya kawo mini kaset daga Adar, daga yayata 'yar wan babana. Na saurara a rediyon mai shayi. Ta gaishe ni, ta yi kuka, ta lissafa waɗanda suka mutu, sannan ta ce ta ji halin da ake ciki, a kawo jininmu gida ta riƙe. Gaskiyarta ce. Amma yarinyar ba ta san kowa a can ba, ni kuma da zan kai ta ko tasha ba zan iya kai ta ba, sai an ɗaure ta. In kuwa ta bi Goggo Durun, ta zama 'yar Durun ke nan, ni kuma dodon da ta taɓa gani a Gwarzo.

Na gaya wa Goggo abin da ke cikin kaset ɗin. Ta daɗe tana tsince tsakuwa a cikin wake.

Ta ce, "Raina yana son in tafi da ita, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba zan saci 'yar mutum ba. In ta bi ni ba ta san ka ba, sata ce. To ga magana. In aka yanke dawa tana gudunka, ka ɗauki abarka ka kai wa yayarka, ta yi kukanta ta gama, aƙalla ta tashi cikin danginta. In ta san ka, sai ka zaɓa da kanka."

Ta faɗi haka idonta a kan wake.

Muka fara. Kullum da la'asar ina zuwa zauren gidana, matar maƙwabci tana zaune a ciki don kada a ce. Goggo ta sa na yi aski, na sa rigar salla. Yarinyar ta leƙo ta bayan ƙyaure ta ce, "Inna, ya sa riga," ta koma. Goggo ta hana ni ajiye ƙosai a kan turmi, ta ce in riƙe a hannu. Na riƙe har ya huce. Da na gaji na ajiye na matsa, ta zo ta ɗauka da gudu, kuma ba ta ci ba sai da Goggo ta gutsura tukuna.

Goggo ta ce, "Yi mata dariya mana."

Na buɗe haƙora. Yarinyar ta fashe da kuka.

"Rufe, rufe! Gara fuskar da."

Matar maƙwabci ta kwanta a kan tabarma don dariya.

Aka ce in kira sunanta. Harshena ya yi nauyi kamar na ɗauki dutse da shi. Da sunan ya fito, ya fito ne da muryar da nake kiran mai jan guga daga ƙasan rami. Ta shige ƙarƙashin gado.

Makonni suka tafi a haka. Gero ya daɗe da shiga rumbu, dawa ta sunkuya. Na fara tambayar direbobi ranar da suke tashi zuwa iyaka.

Lokacin ina haƙa wa wani mai lambu rijiya a bayan gari, ta hanyar Getso. Na kai gaba takwas, na wuce marmara na shiga ƙasa mai danshi. Wajen azahar ne. Ina sara sai hasken sama ya ragu. Na ɗaga kai. Kawuna biyu na gani a bakin ramin, babba da ƙarami.

Goggo ce. Ta ɗaure yarinyar da zane a ƙugu, ta naɗe ɗaya bakin a hannunta, ta kwantar da ita rub da ciki.

Na yi tsawa. "Goggo, kin haukace? Janye ta!"

Ta ce, "Yi aikinka, ba da kai muke ba." Sannan ta ce da yarinyar, "Duba da kyau. Ina yaran da aka ce ya ajiye?"

A cikin rijiya ana jin komai na sama. Na ji numfashinta.

"Babu."

"Duba can gefe."

"Babu. Shi kaɗai ne."

"To."

Ban motsa ba, ina tsoron ko tari na yi ta zabura.

Sai ta ce, "Inna, ya faɗa."

"Ya faɗa."

"Wa ya jefa shi?"

"Ba kowa. Kullum da kansa yake shiga."

"Don me?"

"Ƙosan da kike ci, a nan yake tono shi. Da rigarki mai ja. Da takalmin da kika yar a kwata."

Daga sama, in ji su, mutum a gaba takwas bai fi kaza ba. Sai kuka. Na san kukanta na tsoro, shekara guda ina jin sa ta bayan bango. Wannan ba shi ba ne.

"A ciro shi! Baba tsoho, ciro shi!"

Abokin aikina ya ce, "Wayyo, 'yar nan, ni na gaji tun safe. Ubanki nauyi gare shi. Sai dai ki kama mini."

Goggo ta janye ta baya, aka ba ta wutsiyar igiya, can nesa da ramin. Ni da ƙafata nake hawa, ta 'yan ramukan da nake sassaƙawa a jikin bango. Ranar na kama igiya na hau a hankali, ina tsayawa. In na tsaya dattijon ya ce, "Ja, ja, zai koma!" Sai in ji yarinyar tana nishi.

Na fito da laka har gira, fuskar nan dai da take gudu. Ta saki igiya ta koma bayan Goggo, amma ba ta ruga ba. Ido ɗaya ta leƙo da shi. Ba fuskata take kallo ba, ƙwaurina take kallo, inda dagi ya goge ni jini yana bin laka.

Ta ce, "Ya ji ciwo."

Goggo ta miƙa mata buta. "Zuba masa."

Ta matso taku uku. Ta miƙa hannu iya tsawonsa, ta kau da kai, ta zuba. Yawancin ruwan a ƙasa ya zube. Na ce, "Madalla." Ta yar da butar ta koma.

Da yamma na sami Goggo a zaure, raina a ɓace.

"In da zanen ya kwance fa?"

"Ɗaurin maraƙi na yi mata. Ka taɓa jin maraƙi ya kwance a hannuna?"

"Kada ki sake."

"Ba sai na sake ba."

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba. Amma daga ranar, in la'asar ta yi sai ta tambayi Goggo, "An ciro shi?" In na yi gyaran murya ta zo bakin ƙyaure ta duba ƙafafuna. Bayan kwana kaɗan ta zauna a ƙarshen tabarma, bayanta a wajena. Sannan ta karɓi ƙosai a hannuna. "Baba mai rijiya" take ce mini, ta daɗe tana haɗa su biyun. Wata rana tana ba ni labarin akuya, barci ya kwashe ta, kanta ya faɗo a cinyata. Na zauna ban motsa ba har ƙafar ta mutu. Wani tsoho ya zo wucewa ya leƙo zauren.

Ya ce, "Ɗan Faransa, yau ina kunyar?"

Na ce, "Wuce."

Abin ya jawo mini aiki. Ta bi yaran unguwa ɗaya ɗaya tana gaya musu ba dodo ba ne, babanta ne, faɗawa yake yi ana ciro shi, ita ma ta taɓa ciro shi. Cikin mako guda na fito daga rami na tarar da yara shida a tsaye suna jira su ja igiya. Na zare ido, suka yi dariya. Dole na fara saro ƙaya ina kewaye wajen aiki, in na tashi in rufe bakin da tsohon kwano in danne da duwatsu. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan. Ya fi zare ido wahala, shi ya sa ban yi ba.

Aka yanke dawa. Ƙanin Goggo ya aiko ranar kasuwa mai zuwa za ta taho.

Goggo ta ce, "Yanzu ko Adar ka ce za ta bi ka. Za ta yi kuka, amma za ta bi ka. Ka zaɓa."

Ta shiga ɗaki ta fara ninke kayan yarinyar daban, nata daban.

Kwana biyu ina juya maganar. In na kai ta Adar, zan dawo in bar ta, domin can ba abin da zan ci. In na riƙe ta a Gwarzo, wa zai riƙe ta ina cikin rami? Allah ya raba ta da uwarta, wannan ba ni na yi ba. In na raba ta da Goggo, ni na yi. In kuma na bar su suka tafi na zauna, wata biyun nan sun tafi a banza.

Na ari keke na tafi Durun na sami ƙanin Goggo a masussuka. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na ce ina neman wurin da zan kafa ɗaki kusa da gidansa.

Ya dube ni. Ya ce, "Mutum ya bar Gwarzo ya dawo nan? Mu fa ba masu haƙa rijiya ba ne kowace shekara."

Na ce, "Na sani."

"Matanmu daga rafi suke ɗebowa."

"Na gani a hanya. Za su daina."

Ya nuna mini wani fili a bayan garken awakinsa.

Na ɗauki saƙo a kaset na ba direba. Ban iya doguwar magana ba. Na gaishe da yayata, na ce yarinyar tana lafiya, ba za ta zo ba, ni ma ba yanzu ba, ta yafe mini. Ba ta amsa ba. Bayan shekaru aka kawo mini labarin rasuwarta. Ban san ko ta yafe ba.

Ranar kasuwa muka hau mota ɗaya, Goggo da yarinyar a gaba, ni da akuya da dagi a baya. Na bar masu ba ni aiki a Gwarzo, waɗansu samari suka gaje su. A Durun na sake zama baƙo, na sake jin ana tambayar daga ina wannan. Aikin rijiya a ƙauyukan Kabo bai kai na can ba, da damina sai ƙwadago a gonakin mutane. Na ci wahala shekarun farko. Yarinyar tana kwana wajen Goggo a cikin gida. Safe da yamma ta ɓullo ta kafar danga da ƙwaryar abincina a kai, ta zauna mu ci tare. Ba wanda ya sake zuwa da magana.

Goggo ta sa ta a makaranta, ni ban hana ba. Ita ta yi mata komai na aure, ta rasu bayan shekara ɗaya da bikin. Ni na haƙa kabarin, ban bar kowa ya taɓa ba. 'Yata tana aure a cikin garin Kabo, 'ya'yanta huɗu.

Injin haƙa ya zo ya karɓe aikin, ƙirjina kuma ya hana ni shiga rami. Yanzu ina Durun, a ɗakin bayan garke, ina kiwon tumaki uku. Ba zan koma Adar ba.